Boskwatan Baba Zakariyya'u

A bayan wani tsohon gidan gwamnati a Barnawa akwai ɗaki ɗaya mai rufin kwano, irin wanda ake kira boskwata. Don kuku aka gina shi. Da kuku ya tafi aka zuba kaji, da kaji suka ƙare Baba Zakariyya'u mai wanki da guga ya shiga, tun gashinsa yana baƙi. Ma'aikata sun yi ta zama a babban gidan suna tashi, kowa ya gaji Baba tare da bishiyar mangwaro. Dabararsa ɗaya ce: ranar da baƙo ya tare, sai ya kwashi kayansa ya wanke, ya sa sitaci, ya goge. Wa zai kori mutumin da ya sa rigarsa ta tsaya da kanta?

Bana aka sayar da gidan. Madam Dorcas da ta saya tana da injin wanki, kuma shaguna take son ginawa a wurin ɗakin.

"Baba, ba ka da 'yan'uwa a ƙauye?"

"Akwai, Madam. Duk suna maƙabarta."

Baba ya zaga unguwannin Makera da Trikania neman ɗaki, ya dawo bai samu ba.

Ranar rusau leburori suka zo cikin kayan fita masu tsabta, suka ajiye ledojin kayan aiki a gindin mangwaro, suka tafi shan shayi. Da suka dawo, babu leda ko ɗaya.

"Baba, ina kayan aikinmu?" in ji Nathan, shugabansu.

"Suna cikin baho, ɗana. Na jiƙa. Sun yi datti."

"Haba Baba! Ai don dattin muka ware su! Da shadda zan fasa bango?"

Suka yi ta faɗa, suka watse. Madam ta fito tana dariya har da riƙe ciki. Sai ta leƙa ɗakin Baba ta ga ko tabarma bai naɗe ba. Dariyar ta tsaya.

"Baba, gobe fa za su bushe."

"Sai an sa sitaci, Madam. Sannan guga."

"To, jibi fa?"

Baba Zakariyya'u, wanda ya ƙare rayuwarsa yana roƙon Allah rana don shanya, ya ɗaga kai sama yana neman hadari. Babu ko ɗigon gajimare.