Baƙin tabo kusa da Kaza da 'Ya'yanta

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Dutsin-Ma, aikina shi ne duba hotunan sararin samaniya a kwamfuta, ina sa alama inda ƙura ta rufe taurari. Wata rana na nuna wa malamina wani baƙin tabo kusa da taurarin Kaza da 'Ya'yanta.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Babu komai a nan."

Da na juyo, sai na ga tabon a kan fuskarsa.

Likita ya ce jijiyar idona ɗaya ce ta fara mutuwa. Na koma gida Kurfi. Inna tana ɗiga mani magani, ni kuwa kowace safiya sai na rufe idon na gwada ɗayan, in ga ko shi ma tabon ya kama shi.