Kaset Ɗin da Ba Shi da Kwanan Wata

Har gobe idan na ji gidan rediyo ya ce wai “shirye-shiryen wucin gadi” sai raina ya ɓaci. Matata ta sani, shi ya sa take saurin murɗa tashar. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan magana ba su san abin da ta yi wa gidanmu ba, kuma na tabbata ko sun sani ba zai hana su cin tuwo ba.

A shekarun da nake magana ina aiki a wata saidaliyya, wato kantin magani, a tsakiyar Madina, ɗan taku kaɗan zuwa Harami. Yayana kuma direba ne, yana kwaso baƙi daga filin jirgi zuwa masaukansu. Ba cikinmu ɗaya ba. Ɗan goggona ne, ita kuwa Goggo ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, kwano ɗaya muka tashi muna ci ni da shi. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ake zancensa. “Wancan” take ce masa. Shi ma Goggo yake ce mata kamar kowa.

Lokacin ne wani attajiri ya buɗe ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa a garinmu, abin yana sabo, kowane gida an kunna. Waya kuwa wahala ce. Nan Madina sai ka je kabina, wato shagon buga waya, ka bi layi, can gida kuma sai an aika an kira mutum ya zo gidan mai waya ya zauna jira. To ni da karambanina sai na kai wa gidan rediyon shawara, suka karɓa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci mutanenmu su taru a ɗakina, in danna rikoda, kowa ya gai da nasa. Likitoci, direbobi, masu gadin otal, har da 'yan nan da aka haifa a Madina, Hausarsu duk ta karye, suna gai da dangin da ba su taɓa gani ba, rabi Hausa rabi Larabci. In ba matafiyi kaset ɗin ya kai, su kuma su sa shi ranar Juma'a bayan La'asar. Ba a biya na, ban kuma nema ba.

Sharaɗi ɗaya suka gindaya mini: kada kowa ya faɗi kwanan wata. Kaset yakan yi sati biyu ko uku a hanya, in aka ji wata sai ya zama tsohon zance. Kowa ya ce “yau Juma'a” ya tsaya a nan. Na ga dabarar ta yi kyau. Ni da hannuna nake tsayar da rikoda in goge idan wani ya yi suɓul da baka ya ambaci Rajab ko Sha'aban. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Wata shekara wata bas ta kife a hanyar Yanbu, labari ya isa gida cewa Yaya yana ciki. Ba ya ciki, ranar ma bai fita aiki ba. Da ya ji an fara koke-koke a gida sai ya zo ɗakina ranar Juma'a, ya ja rikodar gabansa yana dariya, ya ce, “Goggo, ni ne. Duk wanda ya ce miki na mutu ƙarya yake yi. Ga ni da raina, yau Juma'a, yanzun nan na fito daga Harami. Kada ki yarda da zancen kowa sai kin ji daga bakina.” Aka sa a rediyo, gari ya kwanta. An gaya mini da muryarsa ta fito tsakar gida cike take da mata, sai Goggo ta miƙe ta ɗauki buta ta zagaya, saboda alkunya. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Faɗa mata aka yi cewa yana nan lafiya, ta ce madalla.

Bayan shekara da 'yan watanni Yaya ya yanke jiki ya faɗi a bakin motarsa. Hawan jini. Kwana biyu ya yi a asibiti. Ina tsaye aka yi masa wanka, aka sallace shi a Harami bayan La'asar, muka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a. Wanda ya san Baƙi'a ya san babu suna, babu allo, dutse ne kawai irin na kowa. Ko yau ka ce in nuna maka kabarinsa sai dai in miƙa hannu in ce wajejen can. Don haka mutanen gida ba su ga gawa ba, ba su ga kabari ba, ba su da komai sai maganata a waya. Goggo ta karɓi maganar. Ta zauna karɓar gaisuwa, matar Yaya ta shiga takaba.

Abin da ban sani ba, a daidai wannan lokaci attajirin nan ya gaji da gidan rediyonsa ya sa shi a kasuwa. Ya sallami kowa da kowa, ya bar injiniya ɗaya tal, aka ce masa kada ya kuskura tashar ta yi shiru, don in ta yi shiru darajarta za ta faɗi kafin a gama ciniki. Shi kuma bawan Allah sai ya jawo kwalayen tsofaffin kaset yana zubawa. Tsohon wa'azi, kiɗan biki, tallar takin zamanin da aka daina sayarwa. Duk bayan awa ɗaya wata murya ta ce kuna sauraron shirye-shiryen wucin gadi. Ranar Juma'a bayan La'asar ya zura hannu a kwalin da aka rubuta Madina, ya zaro ɗaya ya sa.

Ba a yi sadakar arba'in ba tukuna. Goggo tana ɗaki ita kaɗai, rediyo a gefen tabarmarta, babu wanda za ta ji kunyarsa.

Washegari da hantsi ina auna wa wani Baturke maganin tari aka ce ana kira na a waya. Matar Yaya ce, daga gida. Ta ce, “Don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Ka gan shi da idonka?” Na ce wace irin magana ce wannan? Sai ta kwashe labari ta gaya mini. Goggo ta kori masu gaisuwa. Ta sa an naɗe tabarmin zaman makoki. Ta ce wa matar Yaya ta tuɓe kayan takaba ta yi kwalliya, ba za a yi wa mai rai mugun fata a gidanta ba. Ita kuma baiwar Allah ta rasa ina za ta sa kanta. In ta tuɓe ta saɓa wa Ubangiji, in ta ƙi ta saɓa wa surukarta. Gari kuma ya ɗauka. Wai kama shi aka yi kan takardun zama yana kurkuku, ni kuma na ce ya mutu don in rufa asirin dangi. Ji mutane don Allah!

Na sa aka kai Goggo gidan mai waya. Na ce, “Goggo, da hannuna na sa shi a ƙasa.”

Ta ce, “Ni kuma da kunnena na ji shi. Bara ma haka aka ce.”

“Tsohon kaset ne, Goggo. Na bara ne, wanda kika tashi ba ki ji ba.”

“Ya ce yau Juma'a. Ranar ba Juma'a ba ce? Kuma ya ce kada in yarda da zancen kowa.” Ta ajiye kan wayar. Matar da ta goya ni ce ta mai da ni “kowa”.

Daga nan na zama ɗan gidan kabina. Na samu injiniyan nan a waya, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce innalillahi, ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, kaset ɗin Madina uku ne suka rage masu kyau, sauran inji ya cinye su. Kuma an ce kada in cire komai, kada in ƙara komai sai an gama ciniki.” Na ce to ka buɗe baki ka yi sanarwa cewa tsohon shiri ne, minti ɗaya ba zai kai ba. Ya ce ai makirufon yana kulle a ofishin manaja, manajan kuma an sallame shi ya tafi da mabuɗin. Kai! Gidan rediyo guda, yana magana dare da rana, amma babu mutum ɗaya a cikinsa da zai iya cewa uffan.

Na nemi mai gidan, yaransa suka ce ya riga ya sayar, takardu ake jira, in nemi mai saye. Na nemi mai saye, aka ce bai karɓa ba tukuna, ba ya taɓa abin da ba nasa ba. Haka suka dinga wasa da ni kamar ƙwallo. Kaset uku, Juma'a uku. Duk bayan sati uku Yaya ya dawo yana dariya yana gaya wa garinmu kaf cewa ni maƙaryaci ne. Goggo kuma ta riƙe lissafin da kyau. Ranar da ta san shi ne sai ta yi wanka, ta rufe ƙofa tun Azahar. Ba ta taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba, kuma duk wanda ya faɗa a gabanta sai ta tashi. Wannan shi ya fi ci mini rai. Mutum yana kwance a Baƙi'a, addu'ar uwarsa ba ta zuwa.

Allah da ikonsa, da azumi ya kama sai na ji attajirin nan ya zo Umara, ya sauka a wani otal dab da Harami. Wani mai gadin otal ɗin da yake zuwa ɗakina gaisuwa shi ya tsegunta mini. Bayan Azahar na cire farar rigar aiki na tafi. Na same shi a falon otal ya miƙe ƙafa yana jan carbi, mutanensa sun kewaye shi. Na durƙusa na gai da shi kamar yadda aka koya mini, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara da ido rabi a rufe, sannan ya ce, “Ayya, likita, ai wannan ƙaramin abu ne. Ku ɗan yi haƙuri, wata ɗaya ko biyu an gama.”

Ƙaramin abu! Wallahi ban san sanda na miƙe ba. Na ce, “Alhaji, wata huɗu ke nan mamaci yana yi wa uwarsa magana a gidanka. Matarsa ta gama takaba a ɓoye kamar ɓarauniya. Ka zo nan kana neman gafara, ga wanda kake wasa da muryarsa can kwance bayan katangar nan, tashi mu je ka gaya masa ƙaramin abu ne!” Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, da bakin azumi. Larabawan da ke teburin karɓar baƙi suka taso suna ce mini “Ya hajj, salli alan Nabi.” Na yi salatin, na ci gaba daga inda na tsaya.

Kunya ce ta kama shi, ba tausayi ba. A nan take ya sa aka haɗa shi da garinmu ta wayar otal, ina tsaye a kansa. Ya ce wa injiniyan, “Kaset ɗin nan na mutumin da ya rasu, kada in ƙara jin an sa shi.” Magana ɗaya. Abin da aka ce mini ba zai yiwu ba har wata huɗu, ko minti biyu bai ɗauka ba. Na fita ina huci, amma ina jin na yi nasara.

Bayan Sallah wani matafiyi ya kawo mini kaset daga gida. Na shiga ɗakin ajiyar magani na kunna. Goggo ce. Ta yi sallama a taƙaice, ta ce, “An gaya mini kai ka sa aka daina. Na jira Juma'a shida, bai yi magana ba. To na yarda. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.” Sannan ta ce, “Abu ɗaya nake nema a wurinka. Ka sa a kawo mini kaset ɗin in riƙa ji a ɗakina.”

Ban tsaya rufe ɗakin ba, na ruga kabina. Injiniyan ya ɗauka da fara'a, wai an gama ciniki, sababbin masu gida sun riƙe shi a aiki. Na ce ya kai kaset ɗin nan gidan Goggo yau-yau. Ya ce, “Wanne? Ai da Alhaji ya ce kada a ƙara sawa, kuma ba mu da sabon kaset, sai na ɗauki tallar buɗe sabuwar tashar a kansa.” Na ce duka? Ya ce gaba da baya. Ni kuwa ban taɓa ajiye kwafi ba, wanda na ɗauka shi nake ba matafiyi.

Kwana uku ina juyi kafin na sa a kai ta gidan mai waya. Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Wancan karon Allah ne ya ɗauke shi. Wannan karon kai ne.” Ta miƙa wa mai gidan kan wayar, ina ji tana tambayar inda ta ajiye takalmanta.