Farantin Kawu Sabo

Kowa a Kubwa ya sani, in an gayyaci Kawu Sabo suna, to a ɓoye farantai. Zai tofa wa jariri addu'a, ya zagaya ta bayansa, ya saki farantin silba a ƙasa. Jariri ya callara kuka, mata su hau salati, shi kuwa ya washe baki: "Madalla, kunne lafiya lau."

Asalinsa malamin fiziks ne, yana koyar da yadda sauti ke tafiya cikin iska. Da injin niƙa ya gama cinye kunnen Kakarmu, sai ya koma aji da furfurarsa, ya karanci kunne. Abokansa suka ce, "Oga, da girmanka?" Ya ce, "Na rako sauti har bakin ƙofa, sai in juya ban shiga ba?"

Aljihunsa kullum cike da audugar toshe kunne. Ya taɓa tsare wani mai niƙa a kasuwa, ya yi masa lacca mai tsawo kan illar ƙara. Da ya gama, mutumin ya matso ya ce, "Na'am?" Kawu ya mayar da audugarsa aljihu ya ce, "Na makara."

Ranar sunan 'yata Nana na kulle duk wani faranti a ɗaki. Ashe ya taho da nasa cikin babbar riga. Ya saki, kowa ya zabura, Nana ko gezau. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Surukata ta ce, "Yarinya ce mai haƙuri."

Ya ce, "Hajiya, haƙuri ba ya hana ƙifta ido. Gobe asibiti."

Na ji haushi ƙwarai, na ce ya yi wa 'yata baki. Bai kula ni ba. Kullum da safe sai ya taso daga Kubwa har ƙofar gidanmu a Lugbe, har na gaji na bi shi asibitin. Gwaji ya nuna gaskiyarsa. Tun kafin ta yi rarrafe aka sa mata na'urar ji, ga shi yau surutunta ya ishi unguwa.

Ranar sadakar ukunsa, faranti ya kuɓuce wa wata a tsakar gida. Nana ta waiwaya da sauri ta ce, "Mama, Kawu ne?" Muka yi dariya, har dariyar ta zama kuka.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya jiyar da shi sallamar 'yan Aljanna da kunnuwansa biyu.