Baba Mai Awo, Direban Da Ya Gyara Wa Taswira Kuskure

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ofishin tsara tafiye-tafiye na kamfaninmu na jigilar kaya, tagata tana kallon filin da tireloli suke tsayawa. Ban taɓa ganin Baba Mai Awo ya tayar da mota bai zagaya ta ba. Zai ƙwanƙwasa kowace taya, ya jijjiga sarƙoƙin ɗaure kaya, sannan ya ɗauko doguwar sandarsa ya auna lodin daga ƙasa har ƙololuwa. A nan ya samo sunan. Sai ya gama zai hau, ya saka tabarau, ya shigar da tsayi da nauyi da tsawon motar a na'urar nuna hanya, da yatsa ɗaya, a hankali.

Da kamfani ya kawo na'urorin, ni aka ɗora wa koya wa direbobi. Kowa ya ɗauka shi zai fi ba ni wahala, mutumin da ya shekara talatin yana riƙe hanyoyi a ka. Sai ga shi samarin ne suka fice tun ba a tashi ba, wai wayoyinsu ma suna wannan aikin. Shi ya zauna.

"'Yata, maimaita min," in ji shi. "Kan ya tsufa, amma ƙofarsa a buɗe take."

Sati biyu yana zuwa teburina kafin hannunsa ya faɗa. Shi ya laƙaba wa muryar macen da ke cikin na'urar suna Malama. In ta ce ya juya dama, sai ya ce, "Na ji, Malama, bari dai in duba."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne shekara uku da suka wuce. Motoci biyu aka tura da injinan haƙa ƙasa, Baba a gaba, mijina, wanda shi ma direbanmu ne, a baya. Na'ura ta bi da su wani titi mai gadar masu tafiya a ƙafa, ta nuna akwai sarari. Baba ya rage gudu, ya tsaya, ya sauko da sandarsa. Ya lura kwaltar sabuwa ce, an zuba ta a kan tsohuwa, titin ya tashi sama.

Rana tsaka ce, mutane cike da gadar, mata da kaya a ka, ɗalibai an taso daga makaranta. Motocin baya suka cika wurin da oda. Manaja ya kira Baba a waya yana faɗa, ina tsaye kusa da shi a ofis.

"Baba, na'ura ta ce za ka wuce. Masu kaya suna jira."

"Ranka ya daɗe, na'ura ba ta zo nan ba tun da aka yi kwaltar. Ni ga ni a wurin. Taki ɗaya kayan suka ɗara gadar."

Awa guda suka yi suna ja da baya, ana zaginsu, kafin su sami wurin juyawa. Da mijina ya dawo gida, ya daɗe zaune bai taɓa abinci ba. Daga baya ya ce min, "Da ni ne a gaba, da na shige. Ko birki ba zan taka ba."

Wani da sai ya yi ta ba da labari a wurin hira. Kai kuwa, Baba, washegari ka zo min da tsohon littafinka mai tabon baƙin mai, cike da wuraren da ka rubuta tsawon shekaru: kwalbatin da ba ya ɗaukar nauyi, kwanar da tirela ba ta iya sha, wayar lantarkin da ta sauko. Muka zauna muna shigar da su ɗaya bayan ɗaya a na'urorin motocinmu, muna kuma aika wa masu taswirar. Wuri ɗari da ashirin da shida. Kai ne direban da ya koyi abu a makare, ya kuma dawo ya ƙara masa ilimi.

Watan jiya ka shigo ofis ka ajiye mukulli a gaban manaja. Ba wanda ya ce ka yi. Ka ce idonka na hagu ya fara hazo, ba za ka jira hanya ta gaya maka ba. Manaja ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu.

Direbobinmu, ku koyi na'urar nan da kyau, ku gaya mata gaskiyar abin da kuka ɗauko, kuma kada ku ji kunyar saukowa ku duba don ana yi muku oda.

Baba, ran Litinin motoci arba'in za su fita ba tare da kai ba, amma kowacce da saninka a cikinta. Ni da mijina da 'ya'yanmu mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa idon lafiya.