Shukar Farko a Gonar Baba Ɗangoje

Har yau ban manta da ranar da ruwan shuka ya tsayar da ayarin Kano ba. Lokacin Nasara ba su iso Tasawa ba, ni kuwa ina yaron gidan Maigida Tanko, ina kula da ɗaurin kaya.

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba: Maigida ba ya fatauci da ƙafarsa. Jari yake bai wa fatake, kanwa da fatu da kuɗin wuri, in sun dawo a raba riba. Ƙa'ida ita ce, kaya ba sa barin gida sai shi da madugu, wato jagoran ayari, sun shafa fatiha gaban shaidu.

A ranar nan, ayarin ƙarshe ne zai tashi kafin damina ta ɓata hanya. Wanda ya rasa shi zai zauna ba ciniki sai kaka. Da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi, gari ya waye babu Maigida. Madugu Isa ya ce mini, "Ka nemo shi, in ba haka ba kowa ya kwance jakinai."

Na same shi a ƙauyensu, kudu da gari, ya tuɓe riga yana saran rami da sungumi. Mahaifinsa, Baba Ɗangoje, wanda ya makance, yana biye da shi riƙe da igiyar da ke masa jagora, yana jefa iri yana rufewa da diddige. Da geron gonar nan tsohon ya saya masa jakinsa na farko, bisa sharaɗi ɗaya: duk inda arziki ya kai shi, ranar shukar farko ta uba ce.

Na durƙusa na faɗi saƙo. Tsohon ya ce, "Kai, mai dukiya, ramin ga ya yi zurfi. Gero nika shukawa, ba rijiya ba."

Maigida ya ce, "To, Baba." Ya dube ni. "Laima ba ta jira. Ce wa madugu ga inda nike."

Na koma ina zaton ciniki ya mutu. Madugu ya yi faɗa, amma da yake hanyar Kano ta nan ta bi, ya kora ayarin har bakin gonar. Ya ce, "Maigida, ga barori cike da gida. Sa ɗaya ya yi saran mana, tsoho ina zai sani?"

"Ni na sani," in ji Maigida.

Madugu ya naɗe wandonsa ya nemi sungumi. Fatake suka bi shi. Kafin la'asar an gama, aka shafa fatiha a gindin gawo, hannu duk laka.

Ku da kuke koyon aikin nan, jari amana ce da ake kaiwa inda ido ba ya gani. A shekarar, fatake har daga Mayahi suka riƙa kawo wa Maigida ajiya. Sun ji labarin mutumin da ya cika wa makaho alkawari.