Haƙorin Baba na Gaba

Ni na sa aka cire wa Baba haƙorinsa na gaba, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba.

Baba mabushin ƙahon Turawa ne, mai maɓallai ukun nan. A badujalar 'yan sanda ya koya, daga baya ya tafi Ikko yana busa jaz a otal-otal. A kira shi sutudiyo, ya busa a bayan waƙar wani, ya rufe akwatinsa ya tafi. Fayafayan da busarsa ke ciki ba sa ƙirguwa, amma ko ɗaya babu sunansa. Wannan ya tsaya masa a rai.

Da ya dawo ƙauyenmu kusa da Tsanyawa ya kama noma, yayansa limami ya roƙe shi kada ya busa a cikin gari. Ya yi alkawari, bai kuma taɓa saɓawa ba. Sai dai kullum da bakin ƙahon a aljihu yake tafiya gona, ya zauna gindin gawo ya yi ta hurawa don kada leɓe ya mutu.

Sai haƙorin ya fara ciwo. Wata biyu kumatu a kumbure, tuwo ma ya gagare shi. Ni ga faɗa, ga takardar malanta, ina ganin na fi kowa sani.

Na ce, "Haba Baba! A kan haƙori ɗaya za ka kashe kanka?"

Ya ce, "Uwata, a kansa ƙahon yake zama."

Na ɗauka rigimar tsufa ce. Na rantse ba zan ƙara sa loma a baki ba sai an cire. Ran kasuwa ya bi ni wurin wanzami, aka cire haƙorin.

Bayan sati uku wani yaro mai sutudiyo a Kano ya bugo waya. Ya ce ya gaji da ƙahon da ake matsowa a piyano, na gaskiya yake so, kuma zai rubuta sunan Baba a jikin waƙar. Baba ya goge ƙahon da toka har yana ɗaukar ido. Tare muka shiga mota.

A sutudiyon, ta cikin gilashin ɗakin ɗaukar sauti nake kallonsa. Ya ɗora ƙahon a leɓe ya hura, sai iska ta zurare ta giɓin. Ya gyara, ya sake. Sau bakwai, wallahi ina ƙirgawa. Daga nan ya cire abin sauraren da aka sa masa a kunne, ya ce wa yaron ya matsa a piyanonsa kawai.

Muna hanyar komawa gida, mun wuce Bichi ke nan. Kuka ya ci ƙarfina, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya zaro bakin ƙahon daga aljihu, ya sa mini a tafin hannu, ya damƙe yatsuna a kai.

Ya ce, "Ai ciwon ya tafi, Uwata. Allah ya yi miki albarka."