Makirfon Baba da Doguwar Gora

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, Innata tana kwance da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ni kuma ina fataucin atamfa, in tsallaka iyaka in shiga kasuwannin Benin in dawo Bagudo. A irin wannan tafiya na sayo wa Babana makirfo marar waya, domin yana karantar da littattafai a masallacin unguwarmu bayan la'asar, muryarsa kuma ta fara ja baya. Sai da na iso gida na gane na yi sayen ƙauyanci, na sayo makirfo babu lasifika.

Da na kai shi wurin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wani Bayarabe, sai ya yi mini dariya har da riƙe ciki. Sannan ya ɗauko rediyo ya murɗa ta zuwa FM, inda a lokacin ba abin da muke kamawa sai shuuu. Ya hura makirfon, sai ga hucinsa a cikin rediyo. Nan take Inna ta faɗo mini a rai. Kafin ciwon nan, karatun Baba ba ya wuce ta, tana can bayan masallaci cikin tsofaffin mata. Tun da ta kwanta kuwa, ba ta ƙara jin sa ba.

Maganar makirfon ba ta kaiwa ɗakinta, don haka muka ƙara masa waya ta zama eriya, muka ɗaura ta a doguwar gora muka kafa jikin katangar masallaci. Ranar da muryar Baba ta fito a rediyon da ke gefen filonta, Inna ta yi ta hawaye, ni ma na fita waje na share nawa.

Ashe gorar ta wuce aikin da muka sa ta. Matan gari duk suka gano wurin a rediyoyinsu, har wani ya rantse ya kama karatun a hanyar Kaoje. Aka shiga cewa Malam ya buɗe gidan rediyo. Shi ma Baba abin ya yi masa daɗi, kafin ya buɗe littafi sai ya gaida masu saurare na kusa da na nesa.

Zamanin soja ne, irin wannan magana ba ta kwana a gari. Wata la'asar sai ga jami'in gwamnati daga Birnin Kebbi, mutumin kudu, da ɗan gicciye a wuya da Hausarsa ta bariki. Na tarbe shi da fuska a murtuke, don na riga na yanke cewa mugunta ce ta kawo shi.

Ya zauna a kan tabarma ya yi wa Baba bayani a natse. Makirfon da maganarsa ba ta wuce farfajiya, kayan lasifika ne, ba mai tambaya. Wanda kuwa ke ratsa gari, na'urar watsa labarai ce, sai da lasisi, balle a bakin iyaka. Idan babu, a ƙwace kaya a tafi da mai su.

"To namu wane na?" in ji Baba.

"Ban sani ba tukuna, Baba. Sai na ji da kunnena. Ka yi karatunka."

Ya ɗauki 'yar rediyonsa ya bi gari a ƙafa. Ya daɗe kafin ya dawo, riga ta jiƙe da gumi. Ya ce har bayan kasuwa yana jin Baba tar. "Da wannan gora, tasha ce. Dole a sauke."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce masa duk ɓarayin da ke ƙasar nan bai gani ba sai tsoho da littafinsa. Baba ya daka mini tsawa. "Kai, yi muna kawai! Tahi ka sauke ta." Na sauke ina huci.

Mutumin bai kula ni ba. Ya tambayi Baba me ya sa tun farko aka kafa gorar, Baba ya gaya masa. Sai mutumin ya ce, "Baba, idan ka yarda, zan shiga gida. Ka ci gaba da karatu."

Na yi masa jagora. Ya cire takalmi a ƙofar ɗaki ya durƙusa. "Mama, sannu da jiki." A ɗakin rediyo ba ta kama komai. Ya fito tsakar gida ya shiga zagaye, ya ɗaga rediyo sama, ya juya eriya, ya tsuguna bayan madafa, har garken awaki sai da ya leƙa. Kusa da rumbu, inda katangarmu ta yi ƙasa ta wajen masallaci, muryar Baba ta fito, siririya amma ana jin kowace kalma. Ya shata wurin da ƙafa.

"Ko babu gora, karatun ya iso nan, kuma bai wuce nan ba. Wannan makirfo ne kawai, haka zan rubuta. Ku kawo Mama nan."

Hukuncinsa ya riga ya ƙare tun a masallaci, ba wanda ya sa shi wannan wahala. Ruwa kawai ya sha ya tafi, ban ƙara ganinsa ba. Har yau idan na tuna shi sai na yi masa addu'a, Allah ya saka masa da alheri, shi da iyayensa.

Washegari na kafa runfa jikin rumbun. Da la'asar ta yi, ni da ƙannena muka ɗauko Inna a kan katifarta muka kwantar da ita a inuwa, na ajiye rediyo kusa da kunnenta. Ta lumshe ido tana saurare. Can sai ta yafuto ni da hannunta mai lafiya, na sunkuya, don maganarta ba ta fita sosai.

"Ka ce ma Malam shi janye abin ga daga gemu nai," ta ce. "Susa nika ji, ba karatu ba."

Sai ta yi dariya da rabin bakinta. Na ruga masallaci da saƙon.